Ƙarfen Aradun da Na Kafa wa Inna

Shekarar da aka turo ni Gaya koyar da fizik a kolej, ina samun ɗakin haya na hau mota zuwa ƙauyenmu, can wajen Yelu, na ɗauko Inna. Gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, ƙannena mata duk sun yi aure sun watse, ba kowa a gidan sai ita da akuyarta. Ta yarda ta biyo ni, akuyar ma ta biyo mu. Da muka iso ta tsaya a ƙofar ɗakin, ta ɗaga kai ta daɗe tana duban rufin kwano, sannan ta juya wajen akuyar ta ce:

"Rani kaɗai za mu yi nan. Ran da hadari ya fara haɗuwa mu mun koma gida."

Da ni take, amma ba za ta faɗa mini kai tsaye ba. Ni ɗan fari ne, kuma a wajenmu uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunana, ba ta duban idona, kuma tun da na yi wayo ban tuna ranar da hannunta ya taɓa jikina ba, don kakata ce ta goye ni. In tana son in ji magana sai ta faɗa wa tukunya, ko bango, ko akuya, ni kuma in tsinta. Da na fara aiki ta sami sauƙi, ta ji 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, suna ce mini Mushe, yadda suke kiran kowane malami, sai ita ma ta ɗauka. Amma ko Mushen ba ta kirana da shi, labarina kawai take ba akuya da shi.

Tsoron rufin kwanon yana da dalili. Aradu ce ta kashe mahaifinmu a gona, ya fake ƙarƙashin giginya, ni ina ɗan yaro. Abin da na fi tunawa shi ne yadda aka bar shi kwance ba wanda ya taɓa shi, mutane sun yi da'ira daga nesa, har sai da aka je bakin kogi aka zo da Sarkawa, don su ne ke da ikon taɓa wanda aradu ta faɗa wa. Suka yi yayyafinsu, suka zuba nono, suka tona gindin giginyar suka fito da wani ɗan baƙin dutse mai santsi, suka ce ga gatarin. Tun daga ranar Inna ta yi wa hadari tsari nata. Da ta ga gabas ta yi baƙi sai ta kife madubi, ta cire zobe da awarwaro, ta tattara wuƙa da cokula ta tura ƙarƙashin gado, in akwai jan zane a shanya ta kwashe, sannan ta zauna a tsakiyar tabarma ta lulluɓa da baƙin zane tana salati har a ɗauke. A wajenta ƙarfe ne ke kiran aradu. Ni kuma, ɗanta mai ilimi, na kawo ta ɗakin da samansa duka ƙarfe ne.

In an tambaye ni me ya kai ni karatun fizik nakan ce son ilimi. Gaskiyar ita ce ina so in san abin da ya kashe ubana. Na kuwa sani, ko in ce na haddace. Na dawo daga Yamai da takardar shaida, da tabarau wanda idona bai cika buƙatarsa ba, da Faransanci a baki har in kaza ta shiga ɗaki da shi nake korarta. A ganina babu abin da ya raba Inna da kwanciyar hankali sai rashin bayani, bayani kuwa sana'ata ce. Ina da rani guda in shawo kanta.

Na fara da darasin da nake fara wa 'yan aji. Wata rana da la'asar tana tsince shinkafa, na zauna daga gefe, na yayyaga takarda ƙanana-ƙanana a kan tabarma, na ciro matajin roba na goga a gashina, na kusantar da shi. Iskar rani a bushe take, abin ya yi kyau, guntayen takardar suka yi ta tsalle suna manne wa matajin. Na yi bayani, ina duban akuya don in ba Inna damar saurare. Na ce gogayya ce ke tara wani ƙarfi a jikin matajin, irin kuran ɗin nan, wato lantarki, da ke kunna fitila. Na ce haka gajimare ke yi in iska tana murza shi, ƙarfin ya taru a sama, kishiyarsa ta taru a ƙasa, in abin ya yi yawa sai ya yi tsalle daga sama zuwa ƙasa ta hanya mafi kusa, shi ya sa yake son dogon abu irin giginya. Na ce babu gatari, babu mai jifa, babu wanda aka nufa. Wannan na ƙarshen na faɗe shi a hankali, don shi ne na daɗe ina so ta ji.

Inna ba ta daina tsintar shinkafarta ba. Can ta ce wa akuya, "Kin gani ko? Shekara da shekaru shina Yamai, abin da anka koya mishi ke nan, tsintar shara da mataji."

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni sai na ce bayani ne bai isa ba, aiki take so ta gani. Akwai wani abu a littafinmu da Turawa ke kira paratoner, ƙarfe ne mai tsini da ake kafawa ya zarce rufi, a ɗaura masa waya mai kauri ta jan ƙarfe ta sauka har cikin ƙasa mai laima. In aradu ta zo sai ta bi ƙarfen, ta bi wayar, ta shige ƙasa, ɗaki da mutanen ciki ba abin da ya same su. Na sha zana shi a allo. Ban taɓa riƙe shi a hannu ba, amma a lokacin ban ga wani bambanci tsakanin biyun ba.

Maƙeri ya ƙera mini tsinin, yana tambayata ko kada zan soka. Na sami dogon bututun famfo wajen masu tsofaffin ƙarafa. Wayar ce ta ba ni wuya, sai da na ƙetara gada zuwa kasuwar Malanbil ta ƙasar Binin, na yi ta bin masu gyaran inji ina tsintar guntayen jan ƙarfe, na dawo na murɗe su ɗaya a bakin ɗaya har suka yi tsawo. Na haƙa rami a bayan ɗaki, daidai inda ruwan wanka ke kwanciya, don wurin ba ya bushewa. Na binne wani faifan ƙarfe da bakin wayar, na zuba gawayi da gishiri don ƙasar ta riƙe laima ta kuma karɓi kuran da sauƙi. Inna tana zaune tana kallon gishirin yana shiga rami.

"Sarkawa nono suke zubawa," ta ce wa akuya. "Wanga gishiri da gawayi. Kuma shi ne mai cewa nasu camfi ne."

Ranar da ƙarfen ya miƙe, ya fi komai tsawo a unguwar in ban da hasumiyar masallaci. Na ja da baya na riƙe ƙugu ina kallonsa. Mai gidan da nake haya, wani dattijo Badande mai sayar da busasshen kifi, ya fito ya tsaya kusa da ni, shi ma ya ɗaga kai.

"Mushe, wanga abin naka, korar ta yake yi ko kiran ta?"

Da na ce kora da an wuce wurin. Amma ni malami ne, ba na son amsar da ba daidai ba. Na gyara tabarau na ce, "A gaskiya, Baba, kiran ta yake yi. In ta zo sai ya nuna mata hanya."

Ya ce, "To," ya koma ciki. Kafin magariba unguwa duka ta ji cewa malamin kolej ya kafa abin kiran aradu. Matan gidan suka kwashe turamensu suka mai da can ƙarshen tsakar gida. Mai shayin ƙofar gida ya ja teburinsa zuwa ƙetaren hanya. Inna kuwa ta ce wa akuya rufin ƙarfe bai isa ba, yanzu an kafa mata tsani don ta sauko ba wahala. Ta daina kwana a ɗakin, ta koma rumfar kara da ke tsakar gida, alhali ko gajimare ɗaya bai fito ba tukuna.

Zamanin soja ne. Wanda bai yi zamanin ba zai yi wuya ya gane yadda mutum ke rage murya ko hirar farashin gero yake yi. Gaya kuma gari ne na iyaka biyu, Binin tana ƙetaren kogi kana hango fitilunta, Najeriya kuma keke ma yana kai ka. Ana yawan raɗe-raɗin masu shirya wa gwamnati wani abu daga waje. A irin wannan lokaci ne ni, da hankalina, na kafa dogon ƙarfe mai waya a ɗakin da tagarsa ke duban gada, kuma kowa ya san ina da rediyo mai kama tashoshin nesa. Wallahi ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba. Ina can ina lissafin kaurin waya.

Jandarma ya same ni a aji, ina tsakiyar nuna wa yara yadda allurar busol, wato abin nuna arewa, ke karkacewa in an kusantar da ita da wayar da kuran ke bi. Ya tsaya a ƙofa ya ce in biyo shi, kumandan yana kira. A lokacin duk mai kaki da galo a kafaɗa kumandan muke ce masa, ba ma tambayar asalin muƙaminsa. Na aje alli na bi shi, allin da ke hannuna ma ban goge ba.

A biron kumandan, wato ofishinsa, na tarar da ƙarfena kwance a ƙasa, an tumɓuke shi har da wayar. A kan tebur kuma ga faifan da na binne, ga tarin gawayi da jiƙaƙƙen gishiri a cikin kwano. Ashe sun tona ramin suna neman akwatin aika magana. Kumandan wani dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Ya tambaye ni da Faransanci da wa nake magana a ƙetare da wannan anten, wato eriya.

Na ce ba anten ba ne, na fara bayani. Ni in tsoro ya kama ni magana nake yi, sai na ɗauko darasin tun daga farkonsa. Na yi gajimare, na yi ƙasa, na yi ƙarfin da ke taruwa. Da na ga fuskarsa ba ta motsa ba sai na ce bari in nuna masa da ido. Na roƙi guntun takarda, na yayyaga a kan teburinsa, na ciro matajina na goga a kai. Na kusantar. Ko guntu ɗaya bai motsa ba. Na sake gogawa da ƙarfi. Lokacin bazara ta yi nisa, iska ta cika da laimar kogi, kaina kuma jiƙe yake sharkaf da zufa, kuma ni da bakina nake gaya wa yara cewa laima tana kwashe wannan ƙarfin kafin ya taru. Na sani sarai. Amma na ci gaba da tsefe kaina a gaban kumandan da jandarmomi biyu, ina cewa a ɗan dakata, yanzu zai yi.

Ɗaya daga cikin jandarmomin ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Ina jin matajin nan ne ya cece ni, don duk wanda ya gan ni a wannan hali ya san babu mai shirin juyin mulki da zai ɗauke ni aiki. Kumandan ya sallami mutanensa. Da ƙofa ta rufe ya bar Faransanci ya koma Hausa, ya rage murya.

"Mushe, gaya mini gaskiya. Abin nan shina kama ta?"

Ya ce bara aradu ta faɗa a gidansa ta kashe masa rago a ɗaure, taku kaɗan daga inda 'ya'yansa ke wasa, kuma tun daga nan matarsa ba ta barci in damina ta kama. Nan ne wurin da ya kamata in ce ban taɓa gwadawa ba, a littafi na gani. Amma mutum ne mai galo yake tambayata abin da uwata ta ƙi saurara, kuma yanzun nan na gama jin kunya. Na miƙe tsaye sosai na ce, "Tabbas, mon kumandan. Ilimi ne."

"To madalla. Gobe ka kafa shi gidana." Ya tura mini kwanon gishirin. "In ta sauka gidan nawa kuma, ni da kai ne."

Gidan kumandan a kan tudu yake, tudun kuma jan dutse ne. Na yi ta sara da diga har hannuna ya yi kanta, ramin bai wuce gwiwa ba, kuma a bushe yake ƙamas. Gidan ya fi ɗakina tsawo, wayata ba ta kai ƙasa ba, wani soja ya yanko mini wayar shinge mai tsatsa ya ce in ƙara. Da na ce ba irinta ba ce, ya ce waya waya ce. Sai da na gama ɗaurawa na lura da abin da ke jere a jikin bangon, kusa da inda wayar ta sauka: tano-tanon esansi, wato gangunan fetur, na motocin bariki. Na ce a matsar da su. Aka ce ba a taɓa su sai da izini, mai ba da izinin kuma ya tafi Doso.

Na sauko daga tudun nan da ilimin da na fi so a ce ban da shi. Littafin da ya koya mini paratoner shi ne ya koya mini cewa wanda aka kafa ba daidai ba ya fi babu haɗari. Zai kira aradu kamar yadda na gaya wa mai gidana, amma in ta zo ta tarar hanyar ƙasa a toshe, busasshen dutse da waya mai tsatsa, sai ta yi tsalle gefe ta nemi ƙarfe mafi kusa. Na san ƙarfen da ya fi kusa. Abin da ya rage mini kawai shi ne in hana ramin bushewa. Kullum in an tashi daga lakwal sai in ɗauki bokiti biyu in hau tudu in zuba wa ramin ruwa, dutsen ya shanye kafin in juya baya. Sojojin da ke gadi suka saba da ni. Da sun hango ni sai su ce, "Mushe, ya shukar taka, ta yi tsiro?" Ni kuma in yi dariya tare da su, don ba a ƙin yi wa mai bindiga dariya.

A gida Inna ta koma kwana cikin ɗaki tunda an ɗauke tsanin, amma ta fara haɗa kaya. Gabas ta fara yin duhu da yamma, ana jin cida daga nesa ta wajen Najeriya. Ta wanke ƙoranta ta jera su ɗaya cikin ɗaya, ta ɗaure tufafinta a zane, ta aika aka gaya wa direban motar da ke zuwa Yelu ranar kasuwa ya tsaya mata a ƙofar gida. Ba ni da sauran hujja. Na yi bayani ya ƙi, na yi aiki an kwashe. Kuma ba gwiwoyinta kaɗai ke damuna ba. Ba na so ta tafi. A 'yan watannin nan nakan dawo in tarar da tuwo a rufe, in zauna ina ci ina jin ta tana ba akuya labarin rashin wayona, kuma tun da aka haife ni ban taɓa zama kusa da uwata haka ba. Ban san yadda ɗan fari ke faɗin wannan ba, ko ga akuya.

Ana gobe motar za ta zo hadarin farko ya taso, bayan la'asar kaɗan. Ina shirin ɗaukar bokiti ke nan iska ta juya, gari ya yi duhu, kaji suka ruga. Hadarin farkon damina shi ne mafi muni ga mai irin matsalata, don walƙiya da tsawa suna riga ruwa isowa, ƙasa tana nan a bushe. Inna ta tashi ta yi tsarinta ba gaggawa. Ta kife madubin askina, ta cire zobenta, ta tattara cokula, ta zare mini agogo daga kan tebur ta tura ƙarƙashin gado, ta zauna a tsakiyar tabarma ta ja baƙin zane.

Ni na tsaya a bakin ƙofa ina hangen tudu. Ina koya wa yara cewa haske ya fi ƙara sauri, saboda haka in ka ga walƙiya ka fara ƙirga har ka ji tsawa, yawan ƙirgarka shi ne nisanta. Dabara ce mai kyau a aji. A bakin ƙofa kuwa ba ta da wani amfani sai gaya maka cewa abin yana matsowa. Ƙirgata ta yi ta raguwa. Ina hango ɗan tsinin ƙarfena a kan tudu duk lokacin da sama ta haska, a tsaye, yana yin aikin da na sa shi. Na fara salati da Faransanci a haɗe. Sai haske da ƙara suka zo tare, ƙasa ta girgiza, kwanon rufi ya amsa.

Ban san yadda aka yi ba. Na dai tsinci kaina a kan tabarma, cikin baƙin zanen Inna, fuskata a gwiwarta mai ciwo, tabarau ya faɗi wani wuri. Zanen yana ƙamshin hayaƙi da man shanu. Na ji salatin ya tsaya. Sannan na ji hannunta a kaina. Tafin yana da kaushi, kuma ya fi yadda nake zato ƙanƙanta.

"Ashe kai ma," ta ce.

Babu akuya a ɗakin, babu tukunya. Da ni take.

Na buɗe baki in ce a'a, Inna, ba haka ba ne, maganar kumandan ce da tano-tanon esansi da busasshen rami. Bayanin yana nan a shirye, kuma gaskiya ne. Amma da na zo faɗa sai na ga ba shi ke nan ba. A Yamai ma, inda babu kumandan, in hadari ya taso nakan sami dalilin shiga tsakiyar mutane. Ranar da abin ya faru ni na kai wa mahaifina fura gona, ya ga gabas ta yi baƙi ya ce in ruga gida, ban kai ƙofar gari ba na ji ƙarar. Duk karatun da na yi bai cire wannan ƙarar daga kunnena ba, sunanta kawai ya koya mini. Sai na yi kuka irin na yara, da majina da komai. Inna ba ta ce in daina ba. Ta ci gaba da salatinta, hannun yana nan inda yake, har ruwa ya sauko ya rufe ƙarar komai.

Giginya ce aradun ta faɗa wa, can bakin kogi, nesa da tudu. Gidan kumandan ko ƙwarzane. Shi ya ɗauka ƙarfena ne ya kore ta, har ya aiko mini da zabi biyu, ni kuma ban gyara masa fahimta ba, don a ƙarshe na koyi barin amsar da ba daidai ba ta wuce. Da mai izinin ya dawo daga Doso na yi ta bin sa har aka matsar da tano-tanon, ramin kuma na ci gaba da ba shi ruwa ko ranar da aka yi ruwan sama.

Amma wannan duk daga baya ne. Washegarin hadarin, da hantsi, motar Yelu ta tsaya a ƙofar gida, direba ya yi ta danna oda. Na fito daga wanka, ina jin kunyar haɗa ido da kowa, har da akuya. Ƙullin kayan Inna yana ƙarƙashin rumfa inda ta aje shi tun jiya. Na sunkuya zan ɗauka in kai mata mota, sai na ga bakin ƙullin a kwance, ƙoran kuma sun koma kan rumfa. Tana zaune ta ba ni baya tana fige ɗanyar rama.

Na ce, "Inna, mota tana jira."

Ba ta juyo ba. Ta miƙa wa akuya wani ganye, ta jira ta cinye.

"Kin ji shi, wai mota. In mun tafi, wa zai kife mishi madubi?"

Na fita na ba direba haƙuri. Da na dawo ta tura mini kwanon fura da ƙafa, ba ta dube ni ba.